Wanda Aka Sauke Daga Jirgi

"Umma ta ce ki zo."

'Yar Sikeli ta ɗago kai daga teburin aikinta, alƙalamin hannunta ya faɗi.

Dogo ne tsaye, saurayinta. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Rabonta da shi tun zaman makokin ƙaninsa.

"Ni? Umma da bakinta?"

"Da bakinta, masoyiya. Ɗauko jakarki."

Aikinta a ƙaramin filin jirgin shi ne auna fasinja da kayansu. Jirgin mai inji ɗaya ne, ba ya son wasa da nauyi, in an yi yawa dole a sauke wani. Auta, ƙanin Dogo, shi ya laƙaba mata sunan, don bai taɓa hawa sikelin bai ce ta yi masa coge ba.

Ran nan su biyu za su tafi, nauyi ya yi yawa. Ta sauke Dogo, ta bar Auta.

Jirgin bai kai inda za shi ba. Bututun mai ya tsage a sama, inji ya mutu, babu wanda ya fita da rai. Masu bincike sun ce laifin ƙarfe ne, amma wa zai gaya wa uwa haka ta ji sanyi?

Sai ga 'yar kawun Dogo, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa, ta tare a gidan da sunan taya Umma zama. Shayi take haɗawa tana zuba magana a ciki: ai yarinyar nan zaɓa ta yi, ta ware nata ta tura na mutane. Daga nan Umma ta ce a bar zancen aure.

A mota Dogo ya rage murya.

"In ta tambaye ki, ki ce na fi shi nauyi. Ai gaskiya ne."

"Rabin gaskiya ne."

"Don Allah, zuciyata... na rasa shi, kar in rasa ki!"

Tsoro take ji sosai, kuma tana son sa fiye da tsoron.

Umma na zaune a falo, takalman ƙwallon Auta na nan bakin ƙofa ba wanda ya kawar. 'Yar kawun ta gyara zama kamar mai jiran a kunna talabijin.

"Tashi ki ba mu wuri," in ji Umma.

Ta fita tana jan ƙafa.

'Yar Sikeli ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Me ya sa kika sauke wannan, kika bar wancan?"

Dogo ya kafe ta da ido.

"Umma... ko wanne na sauke, nauyin zai daidaita." Ta dubi Dogo. "Shi na zaɓa don ina so ya ƙara kwana in gan shi. Son kaina ne. Wallahi da na san..."

"Da kin sani, wa za ki tura?"

Hawayenta suka yi ta ɗiga kan tabarma.

"Ni ma da na haife su ban da amsa," in ji Umma a hankali. "Da kin ce mini nauyi ne, da kin fita gidan nan ke nan, don na san yadda aka yi. Ya kira ni kafin su tashi."

Dogo ya ɗago a razane.

"Auta ya kira ki?"

"Yana ta ƙyaƙyata dariya har da tari. Wai, 'Umma, surukarki ta yi fashin Yaya da rana tsaka! Ki rage abinci, ni kaɗai zan iso.'"

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Ba laifinki nake gani ba, 'yata. Fuskarki ce na kasa kallo, don ke ce kika gan shi ƙarshe. Gaya mini, da fara'a ya hau?"

"Yana ɗago mini hannu, Umma, yana yi wa Yayansa gwalo."

Umma ta yi dariya, kuka ya biyo baya. Ta miƙa hannu ta jawo ta jikinta.

"Kai kuma ka je ka gaya wa kawunnanka su shirya. Yaron nan ya riga ya kira ta surukata, ba zan ƙaryata shi ba."