Mai Saurare a Cikin Silin

"Sai ta buɗe ƙofar, ta ga..."

"Maman Tsigi! Don girman Allah ki kashe waƙar nan!"

"Ka katse ni a tsakiyar jimla, Baban Tsigi."

"Ke kin katse ni a tsakiyar agogon mutane. Tun la'asar nake kasa kunne in ji bugunsa, ba abin da nake ji sai ganga da muryar tsohuwar nan ta littafinki."

"Ba tsohuwa ba ce, bazawara ce."

"Ko amarya ce. Ki sayo abin kunnen nan da kowa yake sawa, mu ma mu sha iska."

Bango ɗaya ne tsakaninsu. Shi yana gyaran agogo a ɗakin gaba, da tabarau mai ido ɗaya da ƴan sukurori kamar ƙwayar yashi. Ita tana rubuta littafi a ƙaramin ɗakin baya wanda dā sito ne. Ba ta iya rubutu sai da waƙa, kuma duk layin da ta rubuta sai ta karanta shi da ƙarfi, ta yi muryar mugu, ta yi ta bazawara, har tarin alƙali takan yi. Shekara uku ke nan kullum haka, daga ƙarfe biyar zuwa magariba. Ƴarsu ɗaya, mai shekara goma sha biyu, wadda suke kira Tsigi saboda ƙanƙantarta, ta saba har ba ta ji.

Washegari Marubuciya, wato Maman Tsigi, ta tafi shagon kayan waya da fushinta. Mai shagon ya zube mata iyafis marasa waya a kan gilashi.

"Wannan, Anti, ko jirgi ya sauka a kanki ba za ki ji ba. Sai dai kuɗinsa ma jirgi ne."

"Sauko ƙasa."

"To ga ƙanensa. Uwa ɗaya uba ɗaya, makaranta ce kawai bai gama ba."

Na farko da ta gwada ya faɗo da ta yi hamma. Na biyu ya mayar da mawaƙin kamar yana rera waƙa a cikin bokiti. Na uku fari ne, mai ƴar roba a baki, ya zauna daram, ya toshe kasuwar gaba ɗaya.

"Yana riƙe caji?"

"Awa huɗu, in ya tashi da ƙafar dama. Gaskiya ɗaya zan faɗa miki, na hagun yana riga ɗan'uwansa mutuwa."

Ta ce wanda ya sayi rahusa ai ya san da zaman wannan. Ta biya ta tafi.

Abin da ba ta lura da shi ba, da kunnenta ya toshe ta daina jin muryarta, da ta daina jin muryarta sai ta daina karantawa. Yatsu kawai suke tafiya a kan kwamfuta. Gidan ya yi tsit. Baban Tsigi har fito ya riƙa yi don murna.

A rana ta uku, rana ta yi ja, inuwar gidan maƙwabta ta haye tagar falo, tsakuwa ta faɗo a kan tebur. Tagogi a rufe suke. Tsigi ta ɗauka, ta ji ta da ɗumi kamar yanzu aka fitar da ita daga tafin hannu. Ta kira uwarta sau uku. Uwar tana can tana gyaɗa kai da waƙa.

A rana ta biyar tsakuwar ta zama duwatsu, kuma duk a ƙofar ɗakin rubutu suke sauka, ɗaya bayan ɗaya, a natse, irin bugun mai sallama da ya san akwai mutum a ciki. A ranar ne agogunan Baban Tsigi, na bango da na hannu, gyararru da matattu, suka tsaya cak a kan ƙarfe biyar. Ya zauna yana kallonsu. Shirun da ya roƙa ya samu, har ya fi ƙarfinsa.

"Ɓeraye ne," in ji Marubuciya da aka gaya mata.

"Ɓera mai karanta agogo?"

Littafin yana gudu yadda bai taɓa yi ba, ba ta son jin komai.

Rana ta bakwai, gab da magariba, hasken ɗakin ya zama ruwan toka. Tana cikin rubutu iyafis na hagun ya yi ƴar ƙara ya mutu. Ta kunnen nan na hagu ta ji wata murya a bayan ƙofa, a hankali, ba gaggawa. Muryarta ce. Irin wadda take yi wa bazawarar littafin.

"Sai ta buɗe ƙofar, ta ga... Sai ta buɗe ƙofar, ta ga..."

Ta tashi. Ta buɗe. Tsigi ce a tsaye cikin duwatsu, ba takalmi, kanta a karkace kamar mai saurare, idanunta a buɗe amma ba kowa a cikinsu. Bakinta yana motsi, fuskarta ba ta motsi.

"Tsigi?"

"Sai ta buɗe ƙofar, ta ga..."

Kwana biyu yarinyar ba ta ci ba, ba ta rintsa ba, ba ta faɗi wata kalma ba sai wannan. A asibiti aka auna komai aka ce lafiyarta ƙalau. Leɓɓanta suka tsage. Marubuciya ta zauna a gabanta tana ɗiga mata ruwa da cokali, tana jin jimlarta tana fitowa daga bakin ƴarta, kullum tana tsinkewa a daidai inda aka katse ta.

A yammacin rana ta uku Baban Tsigi ya zo da Malam, wani dattijo siriri mai farin gemu wanda ba ya ɗaga murya. Ya dubi duwatsun, ya dubi agogunan, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon wata ƴar ɓula a kusurwar silin ɗakin rubutu. Sannan ya zauna ya fara karatu.

Ya jima yana yi. Duhu ya fara taruwa a ƙarƙashin kujeru. Can sai yarinyar ta yi shiru, ta juyo da kanta a hankali, wata murya ta fito, tsohuwa, busasshiya, kamar ana jan tabarma a kan siminti.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan. Ina nan tun ba a haƙa tushensa ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Bakinta na ara. Na yi jifa ba a ji ba, na tsayar da lokaci ba a gane ba." Idanun suka koma kan Marubuciya. "Ke. Masu haya nawa suka wuce a nan, ba wanda ya taɓa ce min ci kanki. Ke kika zo kika zauna a ƙarƙashina, kina sa min waƙa, kina ba ni labari shekara uku. Na zaci da ni kike. Sai ki kai bazawarar bakin ƙofa, ta buɗe, ki toshe kunnenki ki bar ni a tsaye?"



"Ba a ɗaukar ɗan mutum a kan tatsuniya," in ji Malam. "Ki fita, ko in ci gaba."

"Ci gaba. Ni zan ƙone, ita ma maƙogwaronta zai sha wuya. Me ta gani?"

Malam ya ɗaga hannu zai ɗora. Marubuciya ta riƙe gefen rigarsa.

"Malam, bari in gaya mata."

"Ki sani fa, in kika ba su taki ɗaya..."

"Ƴata ce."

Ta jawo kwamfutar, ta koma baya shafi arba'in. Ta karanta da muryar bazawara. Abin da matar ta gani a bayan ƙofa takalman mijinta ne da ya ɓace shekara tara, a jere, da danyen taɓo a jikinsu.

Tsohuwar muryar ta ja dogon numfashi.

"Na san bai mutu ba. Munafuki."

Daga nan aka shiga ciniki, Malam bai sassauta ba. Za ta saki yarinyar yanzu, ba za ta ƙara taɓa wani mai rai a gidan ba, kuma ranar da littafin ya ƙare za ta tattara ta bar unguwar. Ita kuma ta ce a dawo mata da karatun ƙarfe biyar, da waƙarta.

"Karatu dai a hankali," Baban Tsigi ya ce daga bakin ƙofa. "Amma gangar nan, ranki ya daɗe, sana'ata..."

Duk agogunan gidan suka buga lokaci guda. Ya haɗiye sauran.

Marubuciya ce ta samo mafita. Ta hau kujera, ta tura iyafis na hagun cikin ɓular silin, ta riƙe na daman. Malam ya sa aka yi rantsuwa sau uku. Tsigi ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, jikinta sharkaf da gumi.

"Mama," ta ce da ƴar muryarta, "yunwa nake ji."

Marubuciya ta rungume ta tana kuka har yarinyar ta ce ana matse ta.

Duwatsu suka daina. Kullum ƙarfe biyar takan hau kujera ta miƙa na hagun, ta zauna tana karatu ƙasa-ƙasa, da magariba ta tarar da shi a kan tebur, da ɗumi. Ba ta ƙara rufe ƙofar ba, kunnenta ɗaya kuma kullum yana wajen Tsigi.

Wata yamma ta shiga ɗakin, uban da ƴar suna biye da ita da kofunan shayi. Ta buɗe ƴar akwatin cajin. Na hagun ne kaɗai a ciki.

"Wa ya ɗaukar min na daman? Tsigi?"

"Wallahi ba ni ba ce, Mama."

"Baban Tsigi?"

Kafin ya buɗe baki, ƙura ta ɗan zubo daga kusurwar silin, busasshiyar muryar nan ta sauko a natse.

"Mun yi musanya. Na hagun ba ya riƙe caji."