Ƙamshin Baba

"Ban taɓa sha a gabanta ba! Wallahi ban taɓa ba, Gimbiya!"

Abin da mijina ya fara faɗa ke nan da ya iske ni a barandar asibiti, ko sallama babu. Daga hanya yake, hannunsa duk baƙin mai, makullin tirela yana reto a yatsansa.

"Na ce ka sha a gabanta?"

"To me ya sa kike kallona haka?"

"Ba kai nake kallo ba. Bangon bayanka nake kallo."

Gaskiya na faɗa masa. Tun da safe, lokacin da numfashin 'yarmu ya sarƙe na saɓo ta a kafaɗa na fito ko takalmi babu, wani abu ya ɗauke a ƙirjina. Ba kuka, ba tsoro, ba fushi. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka tsunkule ta ba za ta ji ba.

'Yar Baba muke ce mata, don tun tana rarrafe ba ta da kowa sai shi. Shekararta huɗu, tari kuma ya zame mata ɗan gida. Ko dariya ta yi mai tsawo, ƙarshenta tari ne, har mun saba katse mata wasa kafin ya yi daɗi.

Shi kuwa direban tirela ne, kuma yana shan sigari tun kafin in san shi. Ranar da aka haife ta ya yi alƙawarin ba zai ƙara kunnawa a cikin gida ba, bai kuma karya ba. Bayan gida yake zagayawa, kusa da tankin ruwa, ya gama ya wanke baki da hannu sannan ya shigo. A hanya ne yake zuƙar son ransa, wai ita ke kore masa gyangyaɗi.

"Iyayen yarinyar nan su shigo," in ji likita daga bakin ƙofa.

Muka shiga. Tana kwance, an rufe mata hanci da baki da wata roba mai fitar da tururi, ƙirjinta yana hawa yana sauka da ƙyar. Hannunta biyu sun ƙanƙame rigar sanyin babanta.

"Cutar asma ce," in ji likitar. Mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da kwana-kwana. "Akwai mai shan taba a gidan?"

"Akwai, amma a waje," na riga shi amsawa. Har a lokacin kare shi nake yi, so hana ganin laifi.

"Wannan rigar fa?"

"Ta babanta ce. Ba ta barci sai da ita."

Ni tela ce, ni na ɗinka masa su guda biyu iri ɗaya, ruwan ƙasa masu zip. Dabarata ce, har alfahari nake da ita. Duk lokacin da zai yi tafiya yarinyar nan birgima take yi tana ihu, sai na ce ya riƙa bar mata wadda ya dawo da ita daga hanya, ya tafi da ɗayar. Sai ta tura fuskarta a ciki ta yi barci lafiya lau. In ƙamshin ya fara gushewa, tana jin ƙarar motarsa za ta tare shi da rigar a hannu. "Baba, caja min! Cajin ya ƙare!" Mu yi ta dariya, su yi musanya.

Likitar ta sunkuya ta shinshina wuyan rigar, ta ɗago da sauri.

"Wannan ai ƙaurin taba ne zalla."

"Ƙamshin Baba ne," in ji 'Yar Baba daga cikin robar, muryarta can ƙasa.

Mijina ya dafa ƙarfen gadon.

"Ba na ce rigar kaɗai ce ta jawo ba," likitar ta ce. "Amma hayaƙi ba ya tsayawa inda aka busa shi. Yana bin tufafi, yana bin gashi, yana bin kujerar mota. Kun kore shi ta ƙofa, kun ɗauko shi da hannunku kun shimfiɗa mata a kan filo. Malam, in kana son ƙirjin yarinyar nan ya huta, ba wuri za ka canza ba. Bari za ka yi."

An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Na zare rigar daga hannun 'yata tana kuka tana miƙo hannu, na ninke ta tsaf yadda nake ninke ɗinkin mutane, na miƙa masa.

Da aka sallame mu, gidan Yaya na wuce da ita. Yayata ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma bakinta ba ya da linzami.

"Ƙafarki ba za ta koma gidan nan ba sai ya zaɓa," ta ce tana shimfiɗa mana katifa. "Ko 'yarsa, ko karan sigari. Dama tun farko na faɗa miki, namijin da ke ƙona kuɗinsa da ashana..."

"Yaya, don Allah."

"Na yi shiru. Amma ba inda za ki."

Ban musa ba. Da za ta ce in koma ma, da na koma. Na zama kamar keken ɗinkina, in an taka in tafi, in an ɗage ƙafa in tsaya. Ina zuwa shago, ina auna mutane, ina yanka yadi, ina dawowa in ba yarinya magani. In an yi dariya in buɗe haƙora.

Ba a jima ba mijina ya zo da yamma, ya sha wanka, ya zuba turare har yana hawa kai, yana tauna cingam.

"Na bari, Gimbiya."

"Matso."

Ya matso. Na kai hancina kusa da wuyansa. Can ƙarƙashin turaren yana nan, wannan ƙaurin da na sani tun muna tsayuwar zance, wanda in na ji shi a jikin wani a kasuwa sai na waiwaya. Ni ma fa ƙamshi nake ce masa a da.

"Yaushe ka sha?"

Ya sunkuyar da kai. "Kara ɗaya ne... a tasha, ana jiran lodi. Kaina ne kamar zai tsage."

"To."

"To kawai? Ki zage ni mana! Ki yi faɗa, ki ce wani abu!"

"Ba ni da abin cewa."

'Yar Baba ta jiyo muryarsa ta fito a guje. Yaya ta cafe ta a bakin ƙofa ta koma da ita ciki, tana ihu tana shure-shure, kukan ya juye tari. Yana tsaye yana jin tarin ta bayan labule, tarin da ba ya ƙarewa, bai isa ya je ya shafa mata baya ba.

"Zuciyata," ya ce a hankali, "kin daina sona ne?"

"Ban sani ba. Ba na jin komai. In ka dawo da ƙaurin nan kuma, ka tsaya daga bakin titi."

Ya juya ya tafi. Na tsaya ina jiran hawaye, ba su zo ba, sai na shiga na ɗora ruwan wanka.

Bayan nan sai waya. Ya kira daga hanya muryarsa a shaƙe, ya ce ya koma wurin likitar nan da ƙafarsa, ta sa shi a hanyar barin sigari. Wata rana ya kira yana masifa, wai ya cinye tsinken sakace ya fi kwali, ya yi faɗa da mai faci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana kuma ya ce ya kwashe rigunan kujerun tirela ya zubar, ya wanke gaban motar da omo har abokan aikinsa suna tambaya ko amarya zai ɗauko.

"Sabo turken wawa," ya ce. "Ashe ni ne wawan, Gimbiya."

"Ka ci abinci?" na ce. Iyakar abin da na iya ke nan.

Amma a shago, ranar da ba ciniki, na tsinci kaina ina yanka wani yadi shuɗi. Sai da na kai ga sa zip na gane awon wa nake bi. Rigar sanyin mijina ce. Na kawo ta gida, 'Yar Baba ta shinshina ta yar, ta ce ba komai a ciki.

Watanni suka shuɗe. Tarin ya ragu, kumatunta suka ciko. Ran nan da rana tsaka aka yi sallama.

Mijina ne. Ya yi ƙiba kaɗan, leɓensa ya washe, ba turare ba cingam. Yaya ce ta fara fita, ta zagaye shi tana shinshina kamar mai sayen kifi, har aljihunsa ta zazzage.

"Hmm. Sabulu da man inji," ta ce. "Shigo, kafin in canza ra'ayi."

Ya durƙusa a tsakar ɗaki ya ware hannuwa. "'Yar Baba!"

Ta taho da gudu ta faɗa jikinsa, ta tura fuskarta a wuyansa yadda ta saba. Sai ta ɗago kai. Ta sake shinshinawa. Ta zame a hankali, ta ja da baya har ta ɓuya a bayan zanena.

"Mama... wannan ba Babana ba ne. Ba shi da ƙamshi."

Hannuwansa suna nan a ware. Ya kalle ta, ya kalle ni, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Namijin da ke tuƙa tirela kwana da kwanaki, ya rufe fuska yana kuka kafaɗunsa suna girgiza.

"Dominta na bari," ya ce. "Dominta... ga shi ba ta san ni ba."

A nan ƙirjina ya farka. Duk wanda ƙafarsa ta taɓa yin barci ya san ba daɗi take dawowa da shi ba, da zafi take dawowa. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na ji sonsa, duk a lokaci ɗaya, har sai da na dafa bango. Hawayen da suka ƙi zuwa tun daga asibiti suka ɓalle.

"Masoyina, yi mata hon ɗin tirela, irin wanda kuka saba," na ce da ƙyar.

Ya share fuska da bayan hannu. Ya ɗaga hannu ya ja igiyar da babu ita, ya kumbura kumatu. "Pooom! Pooom! A ba tirela hanya!"

Ta leƙo. Ya sake yi, har da karkata kai wai yana shan kwana. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi ta yi har tana riƙe ciki. Ni da Yaya muka kalli juna muna jiran tarin. Dariyar ta kai ƙarshenta, ta ja numfashi, shi ke nan.

Ta ruga ɗaki, ta dawo tana jan shuɗiyar rigar a ƙasa, ta jefa masa a cinya.

"To caja min wannan."

Rana ake ƙwallawa, zufa tana bin wuyansa. Ya zura hannuwansa a ciki, ya ja zip ɗin har wuya.