Kwamfuta Ta Huɗu

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Talata aka kira caji ofis. An tsinci gawa a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a unguwar Jekadafari.

Sufeto Bappayo ya isa tare da Kofur Friday. Cibiyar tana saman wani shagon magani. Ɗaki biyu ne, bango ɗaya ya raba su: na jarrabawa mai kwamfuta shida, da na koyarwa.

Gawar na kwance tsakanin tebura. Ernest ne, mai sa ido a kan masu jarrabawa, mazaunin Herwagana. An buge shi a ƙeya da tukunyar kashe gobara. Na'urar da ke ajiye hoton kyamarori kuma babu ita.

Wanda ya kira 'yan sanda yana tsaye a bakin ƙofa. Malam Abdulrazak, malamin cibiyar, dogo, da biro uku a aljihun gaba.

"Wace irin jarrabawa ce wannan?" in ji Sufeto.

"Ta haɗa layukan sadarwa, yallaɓai. Daga ƙasar waje ake turo ta. Minti ɗari da ashirin, ba waya, ba takarda. Wanda aka kama da maguɗi, an hana shi har abada."

"Wa ke da matsala da mamacin?"

Malamin ya rage murya. "Ba na son kama suna. Amma jiya wata ɗalibata, Hikima, ta yi masa ihu, har na shagon ƙasa sun ji. Ta ce sai ya gani."

Sufeto ya durƙusa bayan kwamfuta ta huɗu. Akwai ƙaramin rami a kusurwar silin, daidai samanta. A ƙasa, ɗan guntun roba shuɗi, sabon yanka. Ya sa shi a ambulan.

A Shamaki suka sami Hikima, a tsakar gidan mahaifinta, littafi mai kaurin bulo a kan cinyarta. Ba ta musa ba.

"Na faɗa, yallaɓai. Wata goma sha huɗu ina karatu. Ko bikin ƙanwata ban zauna ba. Saura tambaya tara na gama, ya zo ya dakatar da ni."

"Haka kawai?"

"Ni na ɗaga hannu. Kibiyar da ke kan allon kwamfutar ce ta motsa, alhali hannuna na kan cinyata. Ta je ta zaɓi amsa da kanta. Amsar ma daidai ce. Na kira Oga Ernest, ya tsaya ya gani da idonsa, ya ce yau da safe zai rubuta wa hukumar jarrabawar."

"Da sunanki a ciki."

"Da sunana. Shi ya sa na yi ihu."

"Kin san ke ce kaɗai aka ji kin yi masa barazana?"

Ta rufe littafin. "Na sani."

"Wa ya ba ki kujera ta huɗu?"

"Ba tawa ba ce. Ta Mu'azzam ce. Ana saura minti biyar a fara, Oga Ernest ya sauya mu."

Mu'azzam yana da shagon gyaran waya kusa da tasha. Ya ga kakin Kofur Friday, ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Sau nawa ka faɗi jarrabawar nan?" in ji Sufeto.

"Uku. Jiya na huɗu ke nan."

"Me ya sa ka so kujera ta huɗu?"

"Ni? Kujera ai kujera ce, yallaɓai."

Sufeto ya buɗe littafin rajistar Ernest, wanda ya ɗauko daga cibiyar. Mamacin ya ja jan layi a ƙarƙashin sunaye bakwai. Duk sun faɗi a baya, duk sun ci daga baya da maki mai ban mamaki, duk a kwamfuta ta huɗu.

"Kai ne za ka zama na takwas. Wa ya yi maka alkawari?"

Mu'azzam ya leƙa littafin. "Ce mini aka yi in zauna, in ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, kada in taɓa komai. Saƙo ne ta waya. Ban san lambar ba."

"Ƙarya kake yi, amma zauna da ita tukuna."

Da azahar suka koma cibiyar, da Hikima a bayan mota. Malam Abdulrazak ya buɗe musu.

"An ja wayar kebul daga kwamfuta ta huɗu, ta cikin silin, zuwa wani wuri," in ji Sufeto. "Jiya an yanke bakinta biyu an tafi da su."

"Kowane ɗalibi nawa ya iya jan waya," in ji malamin. "Ita ma ta iya. Ta fi kowa."

Sufeto ya juya. "Malama Hikima, yaya aka koya muku?"

"A yi wa kowace waya shaida a wuri uku: kai, gindi, da tsakiya. Ta tsakiya don wanda zai hau silin wata rana ya san tasa. A rubuta inda ta fito, inda za ta, kwanan wata, da sunan wanda ya ja. In ka manta ɗaya, Malam zai yanke ta ka sake."

Kofur Friday ya jingina tsani, ya ɗaga murfin silin, ya shige da tocila. Suna jin motsinsa a samansu, yana rarrafe a hankali zuwa wajen ɗakin koyarwa. Malamin ya cire biro ɗaya, ya mayar.

Kofur ya sauko da shuɗiyar waya, tsawon taku goma. A tsakiyarta an naɗe farin salatif, da rubutu tsaf kamar na inji.

Sufeto ya karanta. "Kwamfuta ta huɗu zuwa teburin malami. Kwanan watan ya shekara biyu, tun Hikima ba ta san hanyar nan ba. Sai harafi biyu: A. R."

Malam Abdulrazak ya zauna a kujerar da ta fi kusa.

"Ban ma san na rubuta ba," ya ce. "Hannu ne ya saba."

"Ernest fa?"

"Bayan la'asar, da kowa ya watse, na roƙe shi. Na ce shekara tara na yi ina tara takardun shaidata, rahoto ɗaya zai share su duka. A garin nan an san ɗalibina ko ya faɗi, wata rana sai ya ci. Ya ce shi ma yana da suna. Ya juya zai kunna kwamfuta ya fara rubutu."

"Na'urar kyamara?"

"Tana but ɗin motata."

"Ka kuma bar yarinyar nan ta ɗauki kisa."

Kofur Friday ya sa masa ankwa.

Hikima na tsaye jikin bango. "Yallaɓai, jarrabawata fa?"

"Zan rubuta abin da na gani. Sunanki zai fita daga zargi. Amma sai kin sake zama."

"Zan sake. A kowace kujera."

Kofur ya tattara wayar, ya fara nannaɗe ta a gwiwar hannu, yadda ake yi wa igiyar guga. Malamin ya tsaya a bakin matakala, hannayensa a baya, ya kasa ɗauke ido.

"Kofur," ya ce, "ba haka ake naɗe ta ba. Za ka karya ta daga ciki."

"Mu je," in ji Sufeto.