Hoton Da Ba Nasa Ba

"Cire hannunka daga kan littafina!"

Dakta ya ɗago yana murmushi, murmushin nan da ya sace min zuciya shekara biyu da suka wuce. Yau ko ƙyamarsa nake ji, kamar na buɗe firjin da ya kwana uku ba wuta.

"Haba sanyin idona... sa hannu ne fa kawai."

Saura sati uku aurenmu. A ɗakin bincike ɗaya muke aiki, shi yana haɗa maganin ciwon daji, ni ina gwada shi a kan ƙwayoyin cutar da muke rainonsu a faranti.

Aikin ba ya ƙarya. In magani mai kyau ne, ƙwayar da kanta take kashe kanta cikin tsari. Takan ƙanƙance, ta daddatse DNA ɗinta, wato zaren halittarta, gunduwa-gunduwa daidai wa daida, a hoto sai ka ga layuka jere kamar tsani. In ko guba ce, fashewa take yi, hoton ya fito dame-dame.

Maganin Dakta sau biyar ina gwadawa, sau biyar yana fitowa dame-dame.

Amma ga rahotonsa a kan teburina yana jiran sa hannuna, da tsani tsaf, har da sheƙi!

"Wannan hoton nawa ne," na ce. "Na bara ne, na wani maganin daban. Ga inda farcena ya gutsure gefen nan."

"To wa zai lura da gefe? Shugaban namu Farfesa ko tabaransa ba ya gogewa."

Tir! Wai ni na zauna ina yi wa wannan zaɓen labule.

Na fita baranda na kira yayata a waya.

"Ke dai kin cika fi'ili," in ji Yaya. "An raba kati, an gama ɗinki, a kan wani hoto za ki kunyata mu? Sa masa hannu, in kin shiga ɗaki kya gyara shi!"

Da na koma, abokiyar aikinmu da muke kira 'Yar Gayu har ta ja kujera kusa da shi, tana juya biro tana fari da ido.

"Dakta, in ita ta ƙi, ai ni ma ina da hannu..."

Ko kallo ba ta ishe ni ba. Na tsaya a gabansa.

"In na sa hannu, me zai biyo baya?"

"Sai a fara ba marasa lafiya, zuciyata. Sunana ya fita duniya, ke ma ki huta."

"To na yarda. Amma Hajiyarka da ke fama da ciwon nan, ita za a fara ba."

"Allah Ya kiyaye!" Har sai da ya miƙe tsaye. "Hajiyata? Kina da hankali kuwa?"

'Yar Gayu ta ajiye biron a hankali.

Wallahi ina son mutumin nan, ko a lokacin ina jin son yana cina. Amma ƙyamarsa ta fi ƙarfina.

Na kwashi hotuna biyar ɗin na gaskiya na nufi ofishin Farfesa. Ya biyo ni da gudu ya riƙo hannuna.

"Ki rufa min asiri... saura sati uku fa!"

"Su ma masu jiran maganin uwayen wasu ne, Dakta."

Na fizge hannuna, na ƙwanƙwasa ƙofar ina kuka.