Ja da Kore a Layin Tumatir

Ranar da aka kafa kyamara a saman layin tantance tumatir a masana'antarsu, Auta ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Shekara huɗu tana tsince ɗanye daga nunanne, yau ga na'ura za ta karɓe aikin. Sai dai na'urar siffa kawai take gani. In dai abu kewayayye ne, ta wuce da shi.

"Injiniya, abin naka ya zuba kore a kwandon ja," ta ce.

Saurayin ya kalli kwandon, ya kalle ta, ya manta bai ɗauke ido ba. "To ki taimaka mu koya mata launi."

Sati uku yana ɗaukar hoto tana faɗa masa: wannan ya nuna, wannan da saura, wannan baƙin tabon ruɓa ne. Kafin na'ura ta gane, Auta ta fara duba waya sau goma kafin ta gama cin abinci.

Da ta kai maganar auren Injiniya gida, Baba ya ce sam. "Wanda zai raba ki da aikinki za ki kawo mini? Ga ɗan maƙwabcinmu nan yana ta sintiri."

Hankalinta ya tashi, ta tura wa Injiniya saƙo: "Ina bakin get ɗin masana'anta, jan mayafi ne a jikina. Zo yanzu."

Ya fito da sauri, ya nufi wata mai koren mayafi da ta ba da baya. "Sanyin idona!"

A kunnen Auta. Ta juya gida, ta kashe waya kwana biyu, ta shiga ɗaki ta fita, ta share tsakar gida sau uku. Da ta kunna sai ga saƙo:

"Malamata, ki yafe ni. Tun haihuwa ba na bambance ja da kore, kunya ta hana ni faɗa. Duk abin da na'urar nan ta sani, daga idonki ta samu."

Ta yi dariya har da hawaye.

Injiniya ya zo ya durƙusa gaban Baba da takardar manaja: ba za a sallami kowa ba, matan layi su ne za su riƙa duba na'urar suna gyara mata kuskure, Auta ce shugabarsu.

"Kai ka nemi wannan?" in ji Baba.

"Na ce in ba haka ba, in kwance kyamarata, Baba."

Baba ya ce masa ya turo magabatansa.

Ranar aure Baba ya dafa kan Auta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."