Motar da Ba Ta Tsaya Ba

"Ki tambaye shi inda yake ranar da aka buge babanki."

Auta ba ta ɗago ba. Tana tsugune a bakin famfon da ke bayan ɗakin majinyata tana cuɗa zanen gadon Baba, kumfa har gwiwar hannu. Ta san muryar. 'Yar gwaggon saurayinta Lauya ce, mai buga masa takardu a ofis, wadda mahaifiyarsa ta so ya aura tun kafin ya san akwai wata Auta a duniya.

"Sannu da zuwa," in ji Auta. "In dubiya kika zo, gadon ƙarshe ne ta hagu."

"Wajenki na zo."

"To ga ni."

"Ina cikin motar. A gaba nake, kusa da shi. Daga kotu muke, muka tarar da motar burodi ta kife, ga wani tsoho kwance a gefen titi, kekensa ya lanƙwashe. Direban ya rarrafo yana ɗaga mana hannu. Angon naki ya rage gudu... ya duba... ya taka mai."

Auta ta matse zanen har yatsunta suka yi fari.

"Me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"Tausayinki nake ji."

"Tausayin bai motso ba sai da biki ya matso?" Sai yanzu ta ɗago. "Ke da kike gaba, bakinki ciwo yake? Kin ce masa ya tsaya?"

'Yar gwaggon ta gyara zaman jakarta a kafaɗa.

"Shi ya koya mini," in ji Auta, "ba a yanke wa mutum hukunci da bakin wanda zai ci riba in an kama shi. Ki gai da gwaggo."

Ta ci gaba da wanki har ƙarar takalmin matar ta ɓace. Sannan ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen simintin.

Tun ranar haɗarin ba ta san barcin kirki ba. Da safe tana aji tana koyar da yara, da yamma tana asibiti, tabarmarta a naɗe a ƙarƙashin gadon Baba. Maganar likita kuwa ta zauna mata a ƙirji kamar dutse: "Da an kawo shi da wuri, da ba mu yanke ƙafar ba." Baba ya daɗe kwance yana zubar da jini, motoci na wucewa, kafin wani mai ɗaukar itace ya tsaya ya ɗora shi a kan kayansa.

Da ta koma ciki ta tarar Lauya ya iso. Kwat ɗinsa a goge, ledar lemo a hannu, Inna na ta sa masa albarka. Baba, mai gyaran agogo ne, yana jingine da matashi yana buɗe agogon wata nas da 'yar wuƙarsa, don hannunsa bai iya zama haka nan ba. Yaya, wan Auta, yana tsaye ya harɗe hannu.

Direban motar burodin ma yana nan. Beli aka ba shi, kuma tun da aka sake shi kullum sai ya zo, hannunsa ɗaure da filasta, ya zauna a ƙasa, ya zubar da fo, ya juya Baba. Da ganin Lauya ya miƙe ya sulale waje. Kullum haka yake yi. A da Auta ta ɗauka tsoron lauyan gwamnati ne kawai.

"Rabin raina," in ji Lauya a hankali, "kin rame."

"Na gaji ne."

"Ni dai a ɗaure shi," in ji Yaya yana nuna ƙofar da Direba ya fita. "Zubar da fo ba zai dawo da ƙafa ba."

"Ba haka doka take tafiya ba, Yaya," in ji Lauya, muryarsa ta koma irin ta kotu. "Laifi ƙafa biyu gare shi. Akwai aikin da mutum ya yi, akwai abin da ke zuciyarsa lokacin da ya yi. Aiki dai ya yi, shi ya buge Baba. Niyya babu, taya ce ta fashe. Sai dai mu nuna sakaci, cewa ya san tayar ta cinye ya hau hanya da ita. Nan za mu kama shi. Na riga na yi magana da wanda ke riƙe da shari'ar."

"Oh ni," in ji Baba bai ɗago daga agogon ba. "Laifi ma ya fi ni ƙafa."

Inna ta ce ya daina irin wannan wasan. Ya ce in bai yi wasa da ita ba wa zai yi, ƙafarsa ce ai.

"Direbobin nan a jininsu abin yake," in ji Yaya. "Uba ya yi ganganci, ɗa ya gada."

"Kai dai ka ji tsoron Allah," in ji Inna. "Talauci ne. Mai gidan burodin ne ya ƙi sauya taya. Yaron in ya ƙi fita, wa zai ciyar da 'ya'yansa?"

"Duk an rubuta waɗannan a littafi," in ji Lauya yana murmushi. "Wasu malamai sun ce gado ne, wasu sun ce rashi, wasu sun ce zama da miyagu. Ni abin da na gani a kotu ɗaya ne. Lissafi. Mutum yakan auna abin da zai samu da abin da zai rasa, in ya ga ba mai kama shi, sai ya yi."

Auta na tsaye tana shanya tawul a ƙarfen gado. Wannan bakin ne ya sace ta tun farko, ranar da ya zo makarantarsu yi wa yara bayanin doka. Yau kowace kalma sukar ta take yi.

Ta fita. Direba na zaune a baranda ya haɗa kai da gwiwa.

"Malam, tambaya ɗaya. Motocin da suka wuce ku ran nan, ka gane wata?"

Ya daɗe yana kallon filastarsa.

"Motoci da yawa suka wuce, Malama."

"Ba haka na tambaye ka ba."

"Ni na buge tsohon nan. Nawa nake ɗauke da shi, ya ishe ni. Ban zo nan in haɗa kowa da kowa ba."

Bai ƙara ba. Ita ma ba ta nemi ƙari ba.

Ta raka Lauya wajen mota kamar kullum. Rana ta yi sanyi, masu dubiya na ta fita. Ya buɗe mata gaba, ta ƙi shiga.

"Ka wuce Baba a hanya?"

Mukullin ya faɗi daga hannunsa. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Waye ya..."

"Kai ka ce mini mai gaskiya ba ya fara da tambayar wa ya faɗa."

Ya jingina da motar. Girman kotun duk ya zube, sai ga wani mutum mai zufa a goshi.

"Ban san shi ne ba. Fuskarsa duk jini. Sai da kika kira ni kina kuka na zo asibiti, na ga rigar... Hasken idona, ki fahimce ni. Kin san yadda ake yi. Ka tsaya taimako, jama'a su taru su ce kai ka buge shi. Ka kai shi asibiti, 'yan sanda su riƙe ka. A makon ake tantance mu don kujerar alƙali. Sunana ya shiga rahoton haɗari, shi ke nan an gama da ni."

"Ka yi lissafi ke nan."

Ya runtse ido.

"Ban karya doka ba. Dokar ƙasar nan ba ta hukunta mutum a kan abin da bai yi ba, sai in wajibi ne a kansa, kamar uwa da jaririnta, ko likita da majinyacinsa. Mai wucewa ba a ɗora masa komai ba. Ki tambayi duk wanda kike so."

"Na yarda. Kai ka karanta."

"To?"

"To shi wancan da ya rarrafo da karyayyen hannu yana roƙon ka, shi kake wa gaggawar kurkuku?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon mukullin a ƙasa.

"Ka ɗauki mukullinka," ta ce. "Zan je in ba Baba magani."

Ba ta ɓoye wa iyayenta ba. Sai da Yaya ya tafi ta faɗa, don ta san shi, zai iya zuwa ofishin mutum ya jawo wa kansa abin da doka ta rubuta. Inna ta riƙe baki, ta yi kuka, ta share, sannan ta fara abin da iyaye mata suka saba.

"Auta, tsoro ne. Wa ya fi ƙarfin tsoro? Uwarsa ta ƙi ki saboda ubanki mai gyaran agogo ne, ya tsaya kai da fata sai ke. Yanzu ki ba su abin da suke so? Waccan 'yar gwaggon tasa ta yi dariya?"

"Ta yi ta yi, Inna."

"An gaya wa dangi. An ɗinka kaya. Ga ubanki a kwance, wa zai tsaya mana?"

Auta ta dubi Baba. Ya ajiye agogon a kan cinyarsa.

"Ina kwance ina ganin tayoyi suna wucewa," ya ce. "Ban ga fuskar kowa ba, kuma na yafe musu tun a can, don ban san ko zan tashi ba, ban so in tafi da kaya. Shi ma yana ciki, ba zan cire shi ba." Ya numfasa. "Amma ni yafewa kawai zan yi, uwata. Ke ce za ki zauna da shi."

Kwanaki ta yi ba ta ɗaga wayarsa. Son kuma bai mutu ba, wannan shi ne abin haushin. So ba ya duba cancanta, shi ya sa ba a bar masa ragamar mutum shi kaɗai. Tana rubutu a allo sai ta tuna dariyarsa. Ta ce a ranta mutum yakan firgita sau ɗaya ya yi nadama har abada. In ta ji nadamar nan a bakinsa, za ta aure shi ko duniya za ta zage ta.

Ranar da za a fara koya wa Baba tafiya da sanda Lauya ya zo. Babu kwat, babu lemo, idonsa ya faɗa. Suka tsaya a ƙarshen baranda.

"Na janye bakina daga shari'ar direban," ya ce. "A bar kotu ta yi aikinta. Zan durƙusa gaban Baba. Duk abin da kika ce zan yi. Kar ki bar ni, masoyiyata... ban iya ba."

Hawaye ya cika mata ido. Saura kaɗan ta ce masa komai ya wuce.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka yi tunani kafin ka amsa."

"Tambayi."

"In aka mayar da kai ranar, me za ka yi?"

Bai yi tunanin ba. Da sauri ya amsa, har da dafa ƙirji, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa tambaya mai sauƙi.

"Wallahi da na san Baba ne da na tsaya! Ko kujerar za ta tafi, da na ɗauke shi da hannuna. Da na san naki ne..."

Ta dube shi ta daɗe. Yana jiran murmushi.

"In ba nawa ba ne fa?"

Ya sauke hannunsa daga ƙirji.

"Ran nan ma ai na wata ne ka gani," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Ka san yana da gida, ana jiran sa. Ba ka san ni ce ke jiran ba, shi ke nan abin da ya dame ka. Gobe in ka tarar da uban wata a kwance, za ka rage gudu, ka duba ko ka san shi."

"Auta..."

"Doka ta sallame ka, ni ma ba ƙararka zan kai ba. Allah ya ba ka kujerar. Amma ba zan iya zama a gaban motarka ba. Ka turo a kwashe kayan da kuka kawo."

"Kina so na. Na sani."

"Ina son ka," ta ce. "Zai wuce, ko kar ya wuce. Na gaji."

Ta juya. Ya kira ta da duk sunayen da ya saba kiran ta, ɗaya bayan ɗaya, har wata nas ta leƙo ta ce nan asibiti ne. Ba ta waiwaya ba.

A ciki an miƙar da Baba. Sanda na ƙarƙashin hammatarsa, yana rawa kamar zai faɗi, Inna na salati. Ya dubi fuskar 'yarsa, ya gane, bai tambaya ba.

"Zo ki riƙe ni ta nan, uwata," ya ce. "Kuka sai anjima. Yanzu tafiya za mu koya."

Ta share ido da bayan hannu, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa.