Wutsiyar Goɗiyar Malam Kashim

Badruddeen mai shagon waya a Gaya mugu ne, kuma matsoraci. Wanda zai bar sallar Juma'a ya je ya cuci dabbar da ba ta da bakin kai ƙara, don kawai yarinya ta ƙi shi, ba shi da suna sai wannan.

Yarinyar ita ce Falmata, 'yar Malam Kashim, manomi a Gafasa. Ita ke kai wa mahaifiyarta ƙore kasuwa. Ran nan wani saurayi ya tsuguna gabanta, yana ɗaukar ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne.

"Malam, saye za ka yi, ko gaisawa kuke?" in ji ta.

"Mai murya nake nema. Goge nake haɗawa irin na da, a wurin kakana na koya a Kademi."

"To, ka samu?"

"Na samu biyu. Ɗaya ce dai ta sayarwa."

Sunansa Sagiru. Ba a yi sati ba saƙonsa ya shigo wayarta: "Mai ƙore, na ɗaura wa ƙwaryarki fatar guza, ta sha rana kwana uku. Saura tsarkiya. In ta yi magana, sunanki za ta fara kira."

Ta mayar masa: "Rage zaƙin baki, ka turo manya."

Ya turo, Malam Kashim ya kore su.

"Maroƙi a gidana? Ba da raina ba!"

"Baba, ba ya roƙo. Aikin hannu yake, kamar yadda kake noma."

"Rufe min baki! Ga Badruddeen nan, me ya rasa?"

Abin da ya rasa Falmata ta riga ta faɗa masa ido da ido: hali.

Malam Kashim yana da goɗiya, jinin dawakin da kakanninsa suka zo da su daga gabas, yana ji da ita kamar 'ya. Wata Juma'a a farkon damina ya dawo daga masallaci, ya tarar an sausaye mata wutsiya ƙwal. Sai ga Badruddeen ya zo jaje, yana ɗingishi.

"Baba, duk ƙasar nan wa ke yin tsarkiya da gashin doki? Ni dai ban ce komai ba."

Aka je Kademi, aka sami gashin a ƙulle bayan zauren Sagiru.

Falmata ta rubuta wa Sagiru: "Ka ce min ba kai ba ne."

Amsar ta zo: "Gobe ki zo ƙofar dagaci."

Bai musa ba. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ta je.

A gaban dagaci Sagiru bai yi rantsuwa ba. Ya zari sili ɗaya daga ƙullin, ya ja, ya tsinke. Ya zaro ɗaya daga jakarsa, ya ja, sai da ya shata masa yatsa.

"Ranka ya daɗe, mai haɗa goge ba ya taɓa wutsiyar goɗiya. Fitsarinta yana jiƙa gashin, ya yi rauni. Na ingarma muke sawa. Wanda ya yi wannan bai san sana'ar ba."

Malam Kashim ya san doki. Ya sunkuyar da kai.

Daga cikin mata Falmata ta ɗaga murya: "Baba, goɗiyarka ba ta barin baƙo ya tsaya bayanta. A tambayi mai ɗingishi."

"Daga mashin na faɗi!" in ji Badruddeen.

"Naɗe wandon mu gani," in ji dagaci.

Ga shatin kofato a cinyarsa, baƙi wuluk.

Bayan kaka aka ɗaura auren Falmata da Sagiru. Malam Kashim da kansa ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. Gogen ƙwaryar nan yana rataye a ɗakinta, Sagiru bai sayar ba.

Shi kuwa Badruddeen, dagaci ya ce tunda ya raba goɗiya da abin korar ƙuda, shi zai zame mata wutsiya. Damina guda ya yi a bakin turke da mafici a hannu, daga hantsi zuwa la'asar, masu wucewa gona suna yi masa sannu da aiki.